Waƙoƙin suwing: Bar ƙafarka ta zaɓa, kada bidiyon daƙiƙa 30 ya zaɓa maka

Idan kana yawan shawagi a TikTok ko Instagram, da wuya a ce wannan bidiyon bai taɓa giftawa ta gabanka ba. Tsohon fim ne baƙi-da-fari. Wasu samari da 'yan mata baƙaƙen fata, sanye da kayan kuku da na masu aikin gida, suna rawa da gudun da sai ka rantse an ƙara wa hoton sauri. Saurayi ya wulla budurwa ta bayansa, ta dira, kafin ka ƙifta ido ita ma ta wulla shi. Ka ce "kai!", ka tura wa aboki, ka wuce.

Fagen daga fim ɗin Hellzapoppin' ne na 1941. Masu rawar 'yan ƙungiyar Whitey's Lindy Hoppers ne daga unguwar Harlem ta birnin New York a Amurka, kuma ɗaya daga cikinsu, Frankie Manning, shi ya tsara ta. Sunan rawar Lindi Hop. Daga ita da yawa cikin raye-rayen da ake kira suwing suka samo asali, kuma yau ana koyon ta tun daga Suwidin har Koriya ta Kudu.

Matsalar ita ce, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, irin wannan bidiyon yana koya maka abu guda ne kawai: wai suwing gudu ne da tsalle. Shi ya sa duk wanda ya nemi waƙar da zai ɗora wa bidiyonsa sai ya faɗa kan waƙoƙi biyu, "Sing, Sing, Sing" da "In the Mood", kamar babu wasu a duniya. Ni kuwa ra'ayina shi ne, waƙoƙin suwing da suka fi daɗin rawa su ne waɗanda ke bar wa mai rawa fili ya yi nasa, kuma yawancinsu ba sa tashe a guntun bidiyo, don daɗinsu sai an saurare su daga farko har ƙarshe. Bari in nuna maka dalili, sannan in ba ka nawa zaɓin.

Inda rawa ke juya kiɗa

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A zauren rawa na Savoy abin ta kowane ɓangare yake tafiya, don sau da yawa rawar ce ke sauya kiɗan.

An buɗe Savoy a watan Maris na 1926 a kan titin Lenox da ke Harlem. Tsawon zauren ya kama tun daga layi na 140 har na 141. Dandamalin makaɗa biyu ne a ciki, wannan ƙungiya na sauka waccan na ɗauka, don kada kiɗa ya yanke. Saboda yawan taku, bayan 'yan shekaru sai an cire katakon filin an shimfiɗa sabo. Abin da ya fi fitar da Savoy daban shi ne ƙofarsa a buɗe take ga baƙi da fari, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a Amurka. Ɗan gaba kaɗan a kan titin akwai Cotton Club, inda Duke Ellington ya yi suna. Can baƙar fata shi ne mai kiɗa da rawa a dandamali, amma kujerun 'yan kallo na Turawa ne.

Makaɗin Savoy yana ganin ƙafafun mutane a gabansa kowane dare. Idan waƙa ba ta ja su ba, za su koma gefe su tsaya, ya kuma san ya faɗi. Duk wanda ya taɓa ganin mai kalangu yana bin ƙafar mai rawa da ido, yana ƙara mata wuta in ta zabura, yana sassautawa in ta ja baya, ya riga ya fahimci Savoy. Sarkin wannan fage shi ne Chick Webb, mai ganga, ɗan ƙaramin mutum da tarin fuka na ƙashin baya ya tanƙware tun yana yaro. A ranar 11 ga Mayu 1937 aka haɗa shi karon-batta da ƙungiyar Benny Goodman, wadda ita ce ta fi kowace suna a ƙasar a lokacin. Dubban mutane suka cika zauren, wasu dubban suka rasa shiga. Labarin da ya bazu washegari shi ne Webb ne ya yi nasara, kuma alƙalan su ne masu rawa.

Ko wulle-wullen nan da kake gani ba shi ne abincin yau da kullum ba. Manning ne ake jingina wa ƙirƙiro shi wajen 1935, shi da abokiyar rawarsa Frieda Washington, kuma don gasa da nuni aka tanade shi. A daren da ba na gasa ba, mutane biyu ne kawai ke bin kiɗa, ƙafa a ƙasa, suna sauraron juna.

Me ke sa waƙa ta rawu?

Na farko bugu. Waƙar suwing tana tafiya ne a kan bugu huɗu-huɗu masu nauyi ɗaya, waɗanda jita da babbar garayar bes da ganga ke riƙewa a ƙasa. Amma kowane bugu ba a raba shi biyu daidai wa daida. Rabin farko ya fi tsawo, na biyu gajere ne, shi ya sa kiɗan ke yin wani rangaji kamar doki mai taƙama. Wannan rangajin shi ake kira suwing ɗin. In babu shi, ko an tara ƙahoni ɗari, badujala ce kawai.

Na biyu tsari. Mai rawa takwas-takwas yake ƙirgawa. A yawancin waƙoƙin, takwas huɗu ne ke yin gaɓa ɗaya. A yi gaɓar farko, a maimaita ta, a kawo wata daban, a dawo ta farkon. Waɗanda aka gina kan salon bulus kuwa takwas shida suke zagayawa. Da zarar kunnenka ya kama wannan, za ka riƙa jin inda waƙa za ta lanƙwasa tun kafin ta kai, ka shirya mata. Guntun bidiyo ba ya ba ka wannan, domin kafin zagaye ɗaya ya cika an yanke.

Na uku fili. Masu saksafon su yi kira, masu ƙaho su amsa, tamkar mawaƙi da 'yan amshinsa, sannan a bar ɗan gurbi. A wannan gurbin ne mai rawa ke saka nasa. Waƙar da ta cika ko'ina da ƙara ta mayar da kai ɗan rakiya.

Nawa zaɓin

Ta farko a wurina ita ce "Shiny Stockings" ta ƙungiyar Count Basie, wadda Frank Foster ya tsara, aka ɗauke ta a 1956. Gudunta kusan rabin na "Sing, Sing, Sing" ne. Tana farawa a hankali da fiyano da ƙahoni da aka toshe wa baki, kamar masu raɗa, tana hawa sannu-sannu, sai can wajen ƙarshe duka ƙungiyar ta fashe gaba ɗaya. Minti biyar ne da 'yan kai, kuma in ka tsallake farkon, fashewar ba za ta yi maka komai ba. Ga abin lura: Frankie Manning, mutumin da ya tsara waccan rawa mai gudun tsiya, wannan ce waƙar da aka san ya fi ƙauna. Wanda ya fi kowa iya gudu ya zaɓi mai tafiyar ƙasaita, to wa kake son burgewa da gudu?

Ta biyu "C Jam Blues" ta Duke Ellington, 1942. Sauti biyu kacal aka gina karin waƙar da su, yaro ma zai iya danna su a fiyano. Daga nan sai makaɗa su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, har da Ray Nance da gogensa na Bature. Kafin kowane ya fara nasa, sauran sukan ɗauke wuta na ɗan lokaci su bar shi shi kaɗai. Wannan ɗaukewar wutar ita ce makarantar mai koyo. Nan za ka gane ko bugun na cikin jikinka, ko kuwa ganga ce ke riƙe da kai.

Ta uku "One O'Clock Jump", ita ma ta Basie, 1937. Basie ya zo New York da salon birnin Kansas, inda ake gina waƙa da gajerun salo da ake ta maimaitawa. Saurari yadda yake taɓa fiyano, danna biyu ko uku ya ɗage hannu. Rowar sauti yake yi da gangan, don ya bar maka wuri. Zuwa ƙarshe, saksafon na nasu, ƙahoni na nasu, ana ɗora wannan kan wancan har sai ka ji zama ya gagare ka.

Ta huɗu "'Tain't What You Do" ta Jimmie Lunceford, 1939, wadda Sy Oliver da Trummy Young suka rubuta. Ita ce waƙar da aka fi yin rawar Shim Sham da ita, rawar da kowa ke yi shi kaɗai a sahu, wadda ta samo asali daga masu rawar ƙwanƙwasa takalmi. Da an saka ta a taron masu suwing a ko'ina a duniya, za ka ga kowa ya saki hannun abokinsa ya shiga layi.

Ta biyar "Stompin' at the Savoy", ka nemi ta Chick Webb ta 1934. Edgar Sampson, mai busa saksafon a ƙungiyarsa, shi ya tsara ta. In kana son jin yadda kira da amshi ke aiki a suwing, daƙiƙun farkonta sun ishe ka.

Ta shida "A-Tisket, A-Tasket", 1938, Webb ne da Ella Fitzgerald tana da shekara 21. Waƙar wasan yara ce aka sabunta, amma saurari inda take ajiye kowace kalma a kan bugu. Ba abin mamaki ba ne, don burin Ella na farko rawa ce. A gasar 'yan koyo ta gidan wasa na Apollo a 1934 rawa ta je yi, sai ta canza shawara ta yi waƙa. Da Webb ya rasu a 1939, ita ta ci gaba da jan ƙungiyar.

In ƙafarka ta nuna, ka kuma matsu sai ka yi gudu, to ga "Jumpin' at the Woodside" ta Basie, 1938, da "Flying Home" ta Lionel Hampton, 1942, inda Illinois Jacquet yana ɗan shekara 19 ya yi busar saksafon da masu busa suka yi shekaru suna kwaikwayo. Suna da zafi, amma bugunsu a shimfiɗe yake, ba zai yaudare ka ba. Sai dai kada ka fara da su. Sannu ba ta hana zuwa.

To ina laifin shahararrun biyun?

Kada a yi min gurguwar fahimta. "Sing, Sing, Sing" da Goodman ya ɗauka a 1937, wadda asalinta ta Louis Prima ce, babban aiki ne, kuma gangar Gene Krupa a cikinta na tayar da tsikar jiki. Amma ta haura minti takwas, har sai da ta cinye fuska biyu na faifai, gudunta ya wuce bugu 200 a minti, kuma akwai dogayen wurare da ganga ce kaɗai ke magana. Waƙar nuni ce, ta a zauna a yi tafi ko ƙwararru su nuna bajinta. Mai koyo da ya fara da ita, haki zai koya.

"In the Mood" ta Glenn Miller, 1939, ta fi sauƙin bi, kuma wasan da take yi a ƙarshe, ta yi kamar ta mutu sai ta dawo, yana da daɗi. Ƙorafina a kanta shi ne ta cika tsaf-tsaf kamar yaran fareti, komai a jere, babu gurbin da za ka ba kanka mamaki. Za ka iya saɓa min a nan, kuma akwai masu rawa da yawa da za su goya maka baya. Abin da nake roƙo kawai, ka saurare ta, ka bi ta da "One O'Clock Jump" nan take, ka ga wacce kafaɗarka ta fi amsawa.

Kura da shan bugu

Akwai wani dalilin da ya sa wannan zaɓi ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya shafe ka kai da ke ɗora bidiyo. Duba yadda sunaye suka kasance. "In the Mood" Joe Garland ne ya tsara ta, baƙar fata, kuma ƙungiyar Edgar Hayes ta riga Miller ɗaukar ta a 1938. "Tuxedo Junction" ta Erskine Hawkins ce, 1939, ɗaya daga masu kiɗan Savoy, amma ta Miller ta 1940 ta fi kasuwa. "Stompin' at the Savoy" ta fi yin suna a hannun Goodman a 1936. Goodman ɗin, wanda jaridu suka naɗa wa sarautar suwing, da yawa cikin tsare-tsaren kiɗan da suka ɗaga shi, irin su "King Porter Stomp", na Fletcher Henderson ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Adalci shi ne a faɗa cewa Goodman sayen aikin Henderson ya yi, kuma yana cikin na farko da suka hau dandamali da makaɗa baƙar fata, Teddy Wilson da Lionel Hampton, a lokacin da yin hakan ke iya jawo wa mutum asara. Laifin na tsarin ne, wanda ya buɗe wa wasu gidajen rediyo da manyan otal-otal ya rufe wa wasu.

Masu rawar kuwa nasu ya fi muni. Bayan yaƙin duniya na biyu manyan ƙungiyoyin kiɗa suka fara watsewa, harajin da gwamnatin Amurka ta ɗora a 1944 kan wuraren shaƙatawa masu filin rawa ya ƙara dagula lamarin, jaz ya koma kiɗan zama a saurara. Aka rufe Savoy a 1958, aka rushe shi aka gina gidaje. Frankie Manning ya kama aiki a gidan waya, ya yi kimanin shekara 30 a can. Sai a shekarun 1980 wasu matasa daga Amurka da Suwidin da Ingila, da suka ga tsofaffin finafinan nan, suka tashi neman mutanen da ke ciki. Ya dawo koyarwa yana da shekara sama da 70, ya samu kyautar Tony a 1989, ya ci gaba da rawa har ya rasu a 2009 yana dab da cika 95. Da waɗannan matasan sun tsaya a "kai!" suka wuce, da yanzu babu wanda zai gaya mana sunan kowa a bidiyon.

In kana ganin tsohon labari ne, tuna da rawar Renegade. Jalaiah Harmon, yarinya baƙar fata 'yar shekara 14 daga yankin Atlanta, ita ta ƙirƙire ta a 2019. Manyan taurarin TikTok suka yi ta cin suna da ita, sai a 2020 aka fara ambaton mai ita. Kai ma ka san wani a unguwarku ko ajinku da ya fara wani salo, wani mai mabiya da yawa ya ɗauka bai ko ambace shi ba.

"Mu ina ruwanmu?"

Na san wani zai ce wannan kiɗan mutanen wata nahiya ne, kuma rawar namiji da mace riƙe da hannu ba tarbiyyarmu ba ce. Maganar tana da nauyi, kuma ban ce kowa ya je ya kama hannun kowa ba. Wannan kai da gidanku kuka san iyakarku. Amma Shim Sham ba a taɓa kowa a cikinta, haka ma rawar Calestan ta mutum ɗaya. Al Minns da Leon James, 'yan Savoy na asali, maza biyu, sun yi shekaru suna nuna wa duniya waɗannan taku gefe da gefe. Sauraro kuwa kunne kawai yake buƙata.

Batun nisa kuma, kiɗan jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne, kuma ya taɓa zagayowa gida. Ƙungiyoyin hailaif irin ta E.T. Mensah a Gana sun sha daga rijiyar suwing, shi ne ma ya tarbi Louis Armstrong da kiɗa a Akra a 1956. A 1960 Armstrong ya zo Najeriya, har akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Idan ka ji kira da amshin Basie ya yi maka kama da wani abu da ka sani, kunnenka bai yi ƙarya ba.

Ga abin da nake so ka gwada a makon nan. Yawancin waƙoƙin da na lissafa minti uku ne, don iyakar abin da fuskar ƙaramin faifan zamanin ke ɗauka ke nan. Datar da za su ci ba ta kai ta bidiyon barkwanci biyu ba. Zaɓi ɗaya, ka fara da "C Jam Blues" in ka rasa ta farawa. Kife wayar don kada ido ya raba maka hankali. Tsaya a tsaye, ka ƙirga takwas-takwas, ka bari ta kai ƙarshe. Saka ta karo na biyu, ka lura da abin da ƙafarka ke yi lokacin da makaɗa suka ɗauke wuta.

Ranar da kuma ka tashi tura wancan bidiyon baƙi-da-fari, ƙara layi ɗaya a ƙasansa: Whitey's Lindy Hoppers, Harlem, 1941, tsarin Frankie Manning. Sannan ka faɗa mana wacce ƙafarka ta zaɓa, ko da "In the Mood" ce.